Darasin Addini a Makarantun Gwamnati



A shekarar 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce a Najeriya kan manhajar da ta haɗa darasin addinin Musulunci da na Kirista a ƙarƙashin inuwa ɗaya da ilimin zama ɗan ƙasa. Shugabannin addinan biyu suka ƙi amincewa, har gwamnati ta mayar da kowanne darasi mai zaman kansa.

Ni dai a ganina an yi daidai. Iyaye da yawa a Arewa sun daɗe suna ɗari-ɗari da boko, kuma ganin ana koyar da Alƙur'ani da fiƙihu a aji ne ya kwantar wa wasunsu da hankali, suka saki 'ya'yansu. A cire darasin, a ga yadda ajujuwa za su ragu.

Amma fa akwai sharaɗi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba. Makarantar da ke da ɗalibai Musulmi da Kirista, ta tanadi malamin addini ɗaya kacal, ta tauye haƙƙin 'ya'yan wasu.

Gwamnonin jihohi, don Allah ku ɗauki ƙwararrun malamai na addinan biyu, ku kuma biya su albashi a kan kari.