Ɗan Kunkuru Ba Dutse Ba Ne: Yadda Za Ka Raine Shi Ya Rayu

Yau hirar tamu a kan ɗan kunkuru ce, irin wanda ake tsinta a gona da damina ko a sayo a kasuwa a kawo gida. Masu saurarenmu na Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, ku matso kusa.

Mutane sun ɗauka kunkuru ba ya ciwo, ba ya ƙishirwa, ko me aka jefa masa zai ci. To, wannan juriyar ta babba ce. Ƙaramin da bai cika tafin hannu ba, abu kaɗan ke kashe shi, kuma ba ya kuka balle ka sani.

Babban kunkurun yankinmu na Sahel, wanda masana ke kira sulkata, shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da Aldabra. Yana iya wuce kilo 50, ya yi shekara 70. Amma ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ku duba ƙauyukanmu: gona ta haɗe da gona, ina dajin da zai haƙa rami ya hayayyafa? Don haka wanda ke hannunka amana ce.

Mu fara da ruwa. Kunkuru daban, kififiya daban. Kififiya ce ke iyo. Shi kam ka jefa shi a bokiti, nitsewa zai yi. Amma bushewa ma na kashe shi. Kullum da safe ka sa shi a faranti mai ruwa ɗumi-ɗumi, wanda bai wuce haɓarsa ba, minti 15, kana tsaye a kansa.

Sai makwanci. Kada ka ajiye shi a kan siminti ko cikin roba a ɗaka. Ka kewaye masa wuri a tsakar gida mai ƙasa, gefe rana gefe inuwa, da fasasshiyar tukunya a kife, ƙasar cikinta da ɗan danshi. Yana buƙatar hantsi, don da shi jikinsa ke samar da bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, kuma hasken da ya ratso gilashi ba ya wannan aikin. Ka rufa raga a sama saboda hankaka, shirwa, ɓera da kare. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in babu inuwa ko ya kife a rana, kafin ka dawo an gama. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, ka shigar da shi ɗaki da dare. Irin wannan kunkurun ba ya jure sanyi.

Abinci fa? Ciyawa, ciyawa, ciyawa. Ka ƙara da ganyen rama ko yakuwa, ka riƙa barbaɗa masa dakakken ɓawon ƙwai. Ban da tuwo, shinkafa, burodi da nama. Kuma ka san inda ka yanko ciyawar: wadda aka yi wa feshi a gona guba ce.

Abu biyu nake roƙon ku. Na ɗaya, kada a huda ƙoƙon bayansa don a ɗaura igiya. Ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya, yana jin zafi. Na biyu, in ka ga kaska a jikinsa, ka cire ta a hankali da hantsaki. Kada ka kuskura ka ba shi Ivermectin, maganin nan da ake yi wa awaki; yana shanye jikin kunkuru har ya kashe shi.

Alamun ciwo su ne: kumfa ko majina a hanci, numfashi da baki buɗe, ido a rufe ko a kumbure, ƙoƙo ya yi laushi in ka danna, ko ya yi kwanaki bai ci ba. In ka ga haka, ka ɗumama masa wuri, ka nemi likitan dabbobi. Kada ka ce bari a ga gobe.

Lafiyarku ma abin dubawa ce. Kunkuru na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, ko da shi garau yake. Saboda ita Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkura tun 1975. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kada yara ƙanana su kai shi baki, farantinsa kuma kada ya haɗu da kwanukan gida.

Kafin ka ɗauko shi, ka tambayi kanka: ina da filin da zai ishe shi nan da shekara 10? Wa zai gaje shi bayana? In babu amsa, wanda ka gani a gona ka bar shi ya wuce abinsa.

Masu kunkuru a gida, ku faɗa mana a ƙasa shekararsa nawa da abin da kuke ba shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.