Daga Difloma Zuwa Digiri: Jawabi Ga Ɗaliban Kasuwanci A Jos

Ɗalibin da ya gama difloma a fannin kasuwanci a Kwalejin Fasaha ta Jihar Filato, ba lalle ne karatunsa ya tsaya nan ba. Yana iya neman shiga jami'a kai tsaye ta hannun Hukumar JAMB, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarar 1978. Wanda aka ɗauka ta wannan hanya yakan fara daga aji biyu, watau ya sami digiri cikin shekara uku maimakon huɗu.

Amma fa akwai sharuɗɗa. Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana bukatar kiredit biyar na sakandare, har da Turanci da Lissafi, sa'an nan da kyakkyawan sakamako a difloma. Kome ƙwazon ɗalibi a kwaleji, in babu Lissafi, gurbin zai kuɓuce masa.

Saboda haka wanda bai ci Lissafi ba, wajibi ne ya sake zama jarrabawar tun yana kwaleji. Iyaye kuma su taimaka da kuɗin rajista a kan kari, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.