Neman Baiwa Mafi Girma: Jawabin Al'ummar Kirista a Bikin Cika Shekara Ɗari na Sarautar Gaya

Mai martaba Sarkin Gaya, Allah ya ja zamanin Sarki. Masu riƙe da sarautu. Limamai da malamai. Manyan baƙi daga Dosso, Malanbil da Kamba. Dattawa, iyaye mata da matasa. Al'ummar Kirista ta wannan gari tana miƙa gaisuwar ban girma, tana kuma taya masarauta murnar cika shekara ɗari. Kiristoci kaɗan ne a ƙasar Dendi, da yawansu ma fatauci ko aiki ne ya kawo su daga Benin, Togo da Najeriya, amma sun sami wurin zama da na sujada a inuwar wannan sarauta. Wannan jawabi gargaɗi ne ga masu bi, a gaban iyayen ƙasa, a kan abin da ya kamata su roƙa wurin Ubangiji.

Littafin Sarakuna na Farko, sura 3, ya ba da labarin Sulemanu sa'ad da ya gaji ubansa Dawuda. Allah ya bayyana gare shi cikin mafarki a Gibeyon, ya ba shi zaɓi. Sulemanu ya bar dukiya da tsawon rai, ya nemi hikimar da zai shugabanci jama'a da adalci. Roƙon ya gamshi Allah, ya ba shi hikimar, ya kuma ƙara masa da arziki da daraja.

Bahaushe ya ce, da babu gara ba daɗi. Wannan magana ta dace da kasuwa, amma mai bi ba zai je da ita gaban Mai bayarwa a yalwace ba. Sau da yawa addu'ar ɗan ikkilisiya takan tsaya a kan ciniki, da lafiyar hanyar Kwatano, da fitar kaya daga duwan. Ba laifi a roƙi waɗannan. Sai dai gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 1958, wadda ta ciyar da gidaje masu yawa, an rufe ta a 2023, manyan motoci suka tsaya, jama'a suka koma ƙetare kogin Isa da kwale-kwale. Wanda begensa ya tsaya a bakin gada ya ga iyakarsa a wannan shekara.

A wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura 12, Manzo Bulus ya lissafa baye-bayen Ruhu Mai Tsarki: hikima, sani, bangaskiya, warkarwa, ayyukan al'ajabi, annabci, rarrabe ruhohi, harsuna da fassararsu. Ya bayyana cewa ana ba kowa nasa domin amfanin jama'a duka, ya kwatanta masu bi da gaɓoɓin jiki ɗaya, sa'an nan ya umarce su su himmantu ga neman mafi girma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mai hikima ya yi shiru, rigimar gona takan kai gaban alƙali. In mai baiwar koyarwa ya noƙe, yara sukan tashi cikin duhu.

Nijar ta ga amfanin waɗanda ba su ɓoye baiwarsu ba. Mishan ta SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, inda aka yi jinyar Musulmi da Kirista ba tare da bambanci ba. Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito cikakke da Hausa tun 1932, saboda haka hanyar nema a buɗe take: karatu, addu'a, azumi, da karɓar shawarar dattawa.

Ma'aunin kowace baiwa ita ce ƙauna, wadda Bulus ya keɓe wa sura 13 ɗungum. Baiwar da ta jawo girman kai ko raina maƙwabci Musulmi ta ɓata hanya. Wadda ta sulhunta maƙwabta, ta ciyar da maraya, ta tsare gaskiya a awo, ita ce gudummawar Kirista ga garinsa.

Allah ya ba Sarki hikima irin ta Sulemanu, ya albarkaci damina, ya zaunar da Gaya da maƙwabtanta lafiya. Amin.