Birki da ƙarfen kariya a baburan Bakolori



Yau maganar babur za mu yi. Duk wanda ya bi hanyoyin gefen kanal na Bakolori, daga Talata Mafara zuwa Bakura ko Maradun, ya san aikin da babur ke yi. Buhun shinkafa a baya, jarkar mai a gefe, ga laka, ga ramuka.

Abu na farko, ƙarfen kariya da ake ɗaurawa gaban inji. Idan babur ya faɗi, shi ke fara taɓa ƙasa kafin ƙafarka. Amma malam, a ɗaure shi da noti a jikin firam. Wanda aka liƙa da walda sama-sama, ranar faɗuwa shi zai lanƙwashe ya danne maka ƙauri.

Abu na biyu, birki. Yawancin baburanmu na Boxer birkin waya gare su. Amma birkin faifai, da mai yake aiki. Ka matsa hannun birki ka ji ya yi laushi? Galibi iska ce ta shiga tiyo. Iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa.

Don fitar da iskar, bakanike zai matsa hannun birkin sau da yawa, ya riƙe, ya kwance ɗan notin ƙasa, mai ya fito da kumfa. Ya ɗaure kafin ya saki. Haka zai yi ta yi har kumfa ta ƙare, yana ƙara mai kada kwanon man birkin ya bushe. Kuma man birki, ba baƙin mai ba. Baƙin mai kumbura robobin yake yi.

Allah ya kiyaye hanya. Mu kwana nan.