TUFKA DA WARWARA A AKWATIN ZAƁE: DARASI DAGA JIHOHIN AMURKA

 

Da farko ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama, alhali akwai waɗanda suka fi ni sani a zaune a nan. Ni ma'aikacin gwamnati ne, dokar aiki ta hana ni shiga siyasar jam'iyya, saboda haka zan kai ku nesa, can Amurka, inda ba wanda zai ce na taɓa gwaninsa.

A jihohin Amurka kusan rabi, jama'a na da ikon kafa doka da kansu. Idan aka tara sa hannun mutane gwargwadon adadin da doka ta yanka, sai a buga batun a takardar zaɓe, a jefa masa ƙuri'ar "e" ko "a'a" ranar da ake zaɓen shugabanni. Jihar Dakota ta Kudu ce ta fara wannan tsari a 1898. A jami'a an koya mana cewa mutum yakan zaɓi jam'iyyar da manufarta ta dace da ra'ayinsa. To, ga abin da ya faru a zahiri.

A 2020 jihar Fulorida ta zaɓi Donald Trump na jam'iyyar Rifablikan, wadda galibin 'yan majalisarta ba sa son a ƙara mafi ƙarancin albashi. Amma a wannan rana, a kan takarda guda, kusan kashi 61 cikin 100 suka amince a riƙa ɗaga albashin a hankali har ya kai dala 15 a awa. Mu da muka ga irin jan-in-jan da aka yi kafin a kai Naira 70,000 a 2024, mun san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kada a ɗauka ɓangare ɗaya ne kawai. A 2024 jihar Kalifoniya ta bai wa Kamala Harris ta jam'iyyar Dimokurat rinjaye mai yawa. Amma masu zaɓen suka ƙi yarda a kai albashi dala 18, sannan fiye da kashi biyu bisa uku suka amince a tsananta hukuncin sata da na miyagun ƙwayoyi, abin da aka fi sanin 'yan Rifablikan da shi.

Shin mutanen nan sun ruɗe ne? A ganina ba su ruɗe ba. Tambaya biyu aka yi musu, suka ba da amsa biyu. Idan aka ce wa kake so, mutum yakan duba gidan da ya tashi, da addininsa, da wanda yake ganin nasu ne. Idan aka ce me kake so, sai ya duba aljihunsa da tsaron unguwarsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jam'iyya kuwa kamar ɗaurin kayan gwanjo ce, ba a buɗe maka ka tsinci na so, duka za ka ɗauka. Ƙuri'ar raba gardama ce kaɗai ke kwance ɗaurin.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa, kuma shi ne dalilin tsayuwata a gabanku. Wanda ka zaɓa shi ne zai aiwatar da dokar da ka kafa. A 2018 kusan kashi 65 cikin 100 na masu zaɓe a Fulorida sun amince a mayar wa mafi yawan waɗanda suka gama zaman kaso 'yancin jefa ƙuri'a. Shekara na zagayowa majalisar jihar ta yi doka cewa sai mutum ya biya duk tara da kuɗin kotu da ake binsa tukuna, sai ga ɗimbin mutane sun koma gidan jiya. Haka nan a jihar Misuri, a 2024 jama'a sun amince ma'aikaci ya sami hutun rashin lafiya tare da biya. A 2025 majalisar da suka zaɓa da hannunsu ta soke hutun. Sun kafa doka da hannun dama, sun ba kura ajiyarta da na hagu.

Mu a nan ba mu da irin wannan ƙuri'a a kan dokoki, amma raba ƙafa ba baƙonmu ba ne. A 2023 jihohin Katsina da Kaduna sun bai wa PDP rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, bayan mako uku suka zaɓi gwamnonin APC. Wannan ya nuna mai ƙuri'a yana da tunanin kansa, ba akuya ba ce da za a ja da igiya.

A ɗan zaman da na yi a ofis na ga manufofi masu kyau da aka sa wa hannu, aka tafa, sannan suka mutu a cikin fayil don babu mai tambaya. Saboda haka shawarata biyu ce. Ta farko, kada mu raina maƙwabcinmu don ya zaɓi abin da muke gani bai haɗu ba, mu tambaye shi dalilinsa. Ta biyu, kafin mu dangwala wa mutum, mu bincika ina ya tsaya a kan abin da ya dame mu, bayan zaɓe kuma mu bi sawu. Ko a wannan Ƙungiya tamu, shawarar da muka yanke yau ba za ta gyara aji ko ɗaya ba sai mun dawo baɗi mun tambayi shugabanninmu inda aka kwana.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.