Jawabi a Bikin Yaye Malaman Gona na Birnin Kudu da Gwaram

Bismillahir Rahmanir Rahim. Wakilin Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa, wakilin Mai Martaba Sarkin Dutse, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, Hakimanmu na Birnin Kudu da Gwaram, shugabannin ƙananan hukumomin biyu, jami'an hukumar noma ta JARDA, dagatai da masu unguwanni, malamai da limamai, iyayenmu mata, 'ya'yanmu da ake yayewa yau, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Waɗannan matasa sun koyi zaɓen iri, haɗa takin gargajiya, yaƙi da ƙwari, adana amfani a rumbu, noman rani a fadama da rubuta rahoton gona. Muna yi wa malamansu godiya, Allah ya saka da alheri.

Akwai maganar da aka daɗe ana yi, wai mu mutanen kudancin jihar nan ba ruwanmu da fari, wannan damuwar Maigatari da Birniwa ce. Gaskiya ne mun fi su samun ruwa. Amma manomi ba ya cin jimillar ruwan shekara. Abin da ke cika masa rumbu shi ne ruwa ya zo a kan kari. Daminarmu iska mai laima ce ke kawo ta daga Tekun Atlantika, ta turo busasshiyar iskar Sahara arewa, kuma ɗan canjin ɗumin tekun kan sa ta makara ko ta janye da wuri. Shi ya sa za a yi ruwan shuka, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, ganye ya nannaɗe, tsiro ya ƙone, a koma neman irin sake shuka a kasuwa da tsada. Wata shekarar kuma sai gero ya yi ciki ruwa ya tsaya, zangarniya ta fito ba ƙwaya. Kakanninmu sun sha yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, mu kuma a 2022 ambaliya ce ta cinye gonaki a jihar nan. Duk ciwo ɗaya ne: damina ba ta da tabbas.

Wani zai ce ruwa na Allah ne. Haka yake, babu mai musu, kuma muna fita roƙon ruwa. Sai dai Annabi Yusufu, alaihis salam, da aka sanar da shi shekarun fari, tanadin hatsi ya yi. Wani kuma zai ce ai hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Tana yi, kuma yana da amfani, amma hasashe ne na yanki mai faɗi, alhali kowa a nan ya san ana tafka ruwa a Sara, Basirka ko ɗigo babu. Sai an kafa ma'aunin ruwa a kowace mazaɓa, an sami mai duba shi kullum da safe yana rubutawa, sannan malamin gona zai iya ce wa manomi, "Baba, dakata da shuka," ko "bana ka sa geron SOSAT mai saurin nuna."



Ranka ya daɗe wakilin Gwamna, a isar mana da saƙo. Ma'aunin ruwa ba shi da tsada. Babur da man da zai kai malamin gona ƙauye su ne ke gagara. Malamin gonar da ba shi da abin hawa, a ofis zai zauna har kaka. Irin da cibiyoyin bincike na IAR ta Samaru da ICRISAT suka sha wahalar ingantawa, in ya iso hannun manomi a watan Agusta ana tsakiyar marka, kuɗin gwamnati ya tafi a banza, tunda an riga an yi maimai. Roƙonmu a saki kuɗin iri, taki da zirga-zirgar malaman gona tun a watan Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa. Shugabannin ƙananan hukumomi, ku ma da naku kason. Kada ku jira Dutse a kan kuɗin man babur.

Ku kuma 'ya'yana, duk wanda ya zauna a gindin bishiya ya ƙirƙiro alƙaluman ruwa ya cika takarda, ya ci amanar manomi, kuma ba za mu rufa masa asiri ba.

Da sunan Allah, na tabbatar da yaye ku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.