Kwana Biyu a Bakin Ruwan Tiga

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin mambobi ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu



Hajiya Shugaba, iyayenmu na ƙungiya, 'yan uwana mata, mazajenmu da suka daure suka zo, da 'ya'yanmu da ke can baya suna jiran a raba abinci, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

Da Hajiya Sakatariya ta ce in yi magana yau, ta ɗauka kan sana'ar man gyaɗa zan tsaya, tunda da ita kuka san ni. Na roƙe ta a bar ni in taɓo abin da ba mu taɓa sa shi cikin taronmu ba, wato hutu. Na ga wasu sun fara murmushi. Na sani, in aka ce hutu, sai mu ce na masu kuɗi ne ko na Turawa. Ni ma haka nake faɗa, har zuwa bara.

Abin da ya sauya mini tunani ƙarami ne. Autata ta dawo daga makaranta ta ce malamarsu ta ce kowa ya kawo hoton 'yan gidansu. Na ɗauko waya na shiga dubawa. Ga hoton jarkokin mai, ga na ƙuli-ƙuli a leda, ga shaidar tura kuɗi ta masu saye, ga ankon bikin wance da wance. Na duba har ƙasa, babu hoto ko ɗaya da ni da maigida da yaranmu huɗu muke tare. Daren nan ban yi barcin kirki ba, don na tuna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ta rasu ba ni da hoton da muka ɗauka tare. Kullum tana bakin murhu ko bakin turmi, in mai hoto ya zo sai ta ce a ɗauki yara, ita ba ta shirya ba. Sai na ga ashe sawunta nake bi.

Akwai kuma abin da ya fi hoton damuna. Ɗan farina, kun san ba na kama sunansa, ya shiga shekara goma sha shida. Yaron ya zama baƙo a gidan ubansa. Ya shigo, ya gaishe mu, ya ɗauki kwanonsa, ya shige ɗaki da waya. Tsakaninsa da babansa babu abin da ya wuce "ka je?" da "na je". Ni kuwa ga kunyar ɗan fari, ga sana'a, ban san ta inda zan kama ba.

To sai na yi abin da ƙungiyar nan ta koya mini. Na sami gwangwani na huda, kullum in na tashi daga ciniki in jefa naira 500. Wata shida ban taɓa ba. Da na fasa na ƙirga, na tarar da abin da ya kusa naira 90,000, don akwai ranakun da ciniki ya hana. Sannan na tunkari maigida. Ya ce, "Yawon buɗe ido? Da wane kuɗin?" Na ajiye masa gwangwanin a gabansa. Ya yi shiru, can ya ce, "To mai na mota ni zan zuba." Yana zaune can, ga shi yana dariya, ba zai ƙaryata ni ba.

Muka zaɓi Tiga saboda ba ta da nisa da Kano, kuma maigida yana da ɗan'uwa a wani gari kusa da wurin, inda muka sauka. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka kama titin Zariya. Watan Nuwamba ne, damina ta ɗauke, ruwa ya cika, ganye bai gama bushewa ba, hazo kuma bai sauko ba. Muka wuce Tamburawa, muka wuce Kura da Kadawa, yara suna ta nuna gonaki da magudanan ruwa. Nan babansu ya fara ba su labarin da ni kaina ban san ya sani ba. Ya ce madatsar ruwan Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina ta a kan kogin Kano, aka gama a 1974, kuma ruwan da ta tare ne ake sakowa ta waɗannan magudanan ana noman rani. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da muke saye a kasuwa, da ruwan Tiga suke sha. Autata ta ce, "Ashe miyarmu daga nan take zuwa." Gani ya kori ji.

Asabar da sassafe muka isa bakin ruwa. Wallahi 'yan uwa, ni da ban saba ganin ruwan da ya wuce kududdufin unguwa ba, sai da na ja da baya. Ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ga duwatsu, ga balbela da zalɓe suna kiwo a gefe, masunta suna dawowa da karfasa da tarwaɗa.

Yaran sun zo da burin irin ɗan siririn jirgin nan na mutum ɗaya da suke gani a waya, wanda ake kira kayak, mai filafili ɗaya da baki biyu. Abin da muka samu shi ne kwalekwalen katako na masunta. A nan ne na kafa sharaɗi, kuma shi ne abu na farko da nake so kowa ta riƙe. Duk muna tuna abin da ya faru a Ɓagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife da mutane, aka rasa rai fiye da ashirin, akasarinsu yara ɗalibai. Abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne lodin da ya wuce ƙima. Saboda haka tun daga Kano na sa aka aro mana rigunan nan masu hana nitsewa, kowa da tasa, har ta auta daidai jikinta. Na ce ba za mu shiga mu shida a jirgi ɗaya ba, sai dai a yi sawu biyu. Na ce a bi gefe-gefe, kuma da safe, tun iska ba ta taso ba. Mai jirgin, wani dattijo, ya ce ai shi ma haka yake so, don ruwa ba ya son garaje. Ya ƙara mana da nasa: kada kowa ya miƙe tsaye, kada kowa ya karkata gefe ɗaya don kallon wani abu, mai shiga ya taka tsakiya ya zauna.

Na shiga ina ta salati, na ƙanƙame katako da hannu biyu. Bayan ɗan lokaci sai na ji jikina ya saki. Babu ƙarar inji, babu mai sallama yana son mai na ɗari biyu, babu waya. Sai motsin filafili da kukan tsuntsu. Na yi shekaru ban zauna hannuna babu aiki ba. Dattijon ya miƙa wa ɗan farina filafili ya ce ya gwada. Jirgi ya dinga juyawa wuri ɗaya, ƙannensa suna dariya, shi ma ya fashe da dariya. Na manta rabon da in ji dariyar yaron nan.

Abu na biyu da zan ja kunnenmu a kai: kada a bar yara su yi wanka ko wasa cikin ruwan da ba ya gudu. Ciwon tsargiya, wanda yaro ke fitsari da jini, daga irin wannan ruwan ake ɗaukarsa. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin wasu ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta shiga ta fatar mutum. Ba sai an sha ba. Yarana sun so su faɗa, na hana. Suka yi fushi na ɗan lokaci, soyayyen kifi ya sasanta mu.

Da la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, muka tafi hawan wani dutse da ke kusa da masaukinmu, tare da wani yaron gidan da ya san hanya. Ku ji shawara daga wadda ta ji a jikinta: kada ki hau dutse da silifas. Ki sa takalmi mai kama ƙafa, ki ɗaura zani yadda ba zai harɗe ki ba, kowa ya riƙe gorar ruwansa. Sau uku ina zama ina haki. Autata ta riƙe hannuna tana cewa, "Umma, saura kaɗan." Sannu ba ta hana zuwa, na kai.

Da muka isa sama, sai na lura maigida da ɗan farinsa sun ware gefe, sun zauna kan falalen dutse suna kallon ruwa. Na ja sauran yaran muka ba su wuri. Sun fi rabin awa suna magana. Sai da dare maigida ya gaya mini. Ashe yaron ya kusa wata biyu ba ya zuwa darasin yamma da muke biya masa. Lissafi ya gagare shi, an yi masa dariya a aji, ya ji kunyar faɗa mana saboda ya san wahalar da muke sha kafin mu biya. A gida ɗaya muke kwana, wata biyu, ba mu sani ba. Ba zan ce muku hawan dutse ya koya masa lissafi ba. Har yau ana fama. Amma mun sauya masa malami, kuma yanzu in abu ya dame shi yana faɗa. A gida, in uba ya kira ɗa ya ce zauna, yaro ya san tuhuma ce. A kan dutsen nan kuwa su biyu duk haki suke, duk ruwa suke kallo, maganar ta fito da kanta.

Sai batun hoto. Shi yaron ne ya zama malaminmu. Ya ce a fara goge idon kyamarar da gefen mayafi, don yawancin hotunanmu da ke fita dishi-dishi maiƙon hannu ne. Ya ce a ɗauka da safe ko da yamma, don hasken tsakar rana yana sa mutum runtse ido, yana kuma zuba inuwa a fuska. Rana ta kasance bayan mai ɗauka, ta haska fuskar wanda ake ɗauka. In yaro ƙarami za ki ɗauka, ki durƙusa daidai tsayinsa. Ni kuma na ƙara nawa: a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi, musamman matan mutane da masunta a bakin aikinsu, kuma a tambayi ma'aikata kafin a ɗauki gine-ginen madatsar. Ba kowane hoto ne kuma na WhatsApp da Facebook ba. Wani na gida ne.

Da za a ɗauki namu, na ji bakina ya fara cewa, "Ku ɗauka, ni ban shirya ba." Maganar mahaifiyata ce sak. Na haɗiye ta, na shiga tsakiya, da ɗankwalina a karkace da gumi a fuska. Yaron gidan ya ɗauke mu mu shida. Na kai an wanke shi, yana rataye a falona. Ku wanke hotunanku, 'yan uwa. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa da duk abin da ke cikinta.

Lahadi da hantsi muka kamo hanya, don ba mu yarda dare ya yi mana a titi ba. Wannan ma sharaɗi ne: a tambayi mutanen wuri lafiyar hanya kafin a tashi, a tafi da rana a dawo da rana. Abinci daga gida na tafi da shi, dambun nama da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da zoɓo, shi ya sa kuɗin ya isa har da canji.

Yanzu ga roƙona ga Hajiya Shugaba da kwamiti. Muna da asusun jari, muna da na kuɗin makaranta, muna da na biki da na rashin lafiya. Ina ba da shawara a buɗe asusun hutu. Wadda ta ga za ta iya, ta riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk mako, ba tilas. Gida uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗin mota ɗaya. Ƙungiya kuma ta sayi rigunan ruwa 'yan kaɗan, manya da ƙanana, ta ajiye ana ara, kamar yadda muke aron manyan tukwane da kujeru. Wadda kwana biyu ya yi mata yawa, ta fara da yini ɗaya. Ga Dala da Goron Dutse a cikin gari, ga gidan zu. Mu nawa ne a nan aka haifa a Kano, muka yi aure muka aurar, ba mu taɓa hawa Dala ba? Ku ɗaga hannu. To kun gani.

Mazajenmu, ku ma da ku nake. Ba a ce ku bar kasuwa mako guda ba. Yini ɗaya ko biyu a shekara, ku kashe waya ku zauna da yaran nan a inda babu mai kiranku. Shekarun da za su yi a gabanmu ba su da yawa. Nawa ɗan farin, nan da shekara biyu ko uku zai tafi karatu ko neman na kansa.

Gwangwanina na bana ya riga ya yi nauyi. Yara sun ce Yankari suke so, su ga giwa su shiga ruwan ɗumi na Wikki. Maigida ya ce Bauchi da nisa. Muna nan muna ciniki.

Inda na yi kuskure a yafe mini. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya raya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.